Babi na Bakwai: Kwayil Ba Ya Ƙonewa Banza

A garejojin Azare da wuya rana ta fito ta faɗi ba a ji wani mai mota ya tsaya a kan bakanike yana cewa, "Maigida, motar nan fa ta koma misin. Kwayil ɗin da ka sa mini kafin Sallah shi ma ya tafi." Amsar da ya saba samu ita ce, "Alhaji, kayan yanzu ne, ba su da aminci. Kawo kuɗi a sayo wani." A sayo a ɗaura, mota ta miƙe lafiya lau, kowa ya yi hamdala. Bayan wata ɗaya ko biyu, a hanyar Misau ko ta Jama'are, sai ta sake fara fizga, sitiyari na rawa, salansa na tari, a taka totur ta ƙi amsawa.

Ba na musun cewa jabu ya cika kasuwa, kuma za mu zo kansa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Kwayil ɗin da mota ta fito da shi daga kamfani yakan yi shekara da shekaru yana aiki ba a ko san da zamansa ba, kuma da yawa daga motocin da suka shigo mana ta Kwatano ko Legas da nasu na asali suka zo. Idan kwayil ya ƙone aka sauya, ya sake ƙonewa aka sake sauyawa, to akwai abin da ke kashe shi, kuma abin yana nan cikin motar yana jiran na gaba. Mai jakin da ya ɗora wa dabbarsa mangalar da ta fi ƙarfinta, in ta durƙushe ya tafi kara ya sayo wata ya ɗora mata mangalar nan dai, ba zai daɗe ba zai sake komawa kara.

Injin fetur abu uku yake nema a kowace silinda, kuma a lokaci guda: haɗin mai da iska daidai gwargwado, matsi mai ƙarfi idan fistan ya hau, da tartsatsin wuta a bakin filogi a daidai lokacinsa. In ɗaya ya gaza, silindar ta yi fashin bugu, shi ne abin da direbobi ke kira misin. Ke nan wuta kashi ɗaya ce cikin uku. Nozul da ya toshe yana sa misin, bawul da ya ƙone yana sa misin, tiyon iska da ya tsage yana sa misin. Sai dai da yake kwayil shi ne a sama, noti ɗaya ke riƙe da shi, shi hannu ke fara kai wa.

Aikin kwayil shi ne ɗaga ƙarfin wuta. Batir bolt 12 kawai yake bayarwa, wanda ba zai iya tsallaka ko da ƙaramin giɓi na iska ba. A cikin kwayil akwai naɗin waya biyu a kan ƙarfe ɗaya: ɗaya mai ɗan kauri, naɗi ɗari ko ɗari biyu, ɗaya siririya ƙwarai, naɗi dubbai. Ana sakar wa ta farko wuta, maganaɗisu ya taru a ƙarfen, sai a yanke wutar farat ɗaya. Wannan yankewar ce ke haifar da bolt 20,000 zuwa 40,000 a waya ta biyu, su gangara filogi. Tsarin ya tsufa. Wani Ba'amurke, Charles Kettering, ya ƙera shi aka fara sa shi a motocin Cadillac a 1910, kuma shi ne a cikin Peugeot 504 da kamfanin Kaduna, wanda aka buɗe a 1975, ya cika hanyoyin Arewa da ita: kwayil ɗaya a gefen inji, kwantak da kwandansa, distiributa tana rarraba wuta. Golf 3 da har gobe ke jigilar fasinja tsakanin Azare da Gamawa, Giade da Shira, ta zubar da kwantak amma ta riƙe kwayil ɗaya da distiributa. Vectra da 406 suka zo da kwayil mai haɗe, babu distiributa. Sai na bayansu, Corolla da Vibe da Camry da Accord ɗin da ake kira EOD, kowane filogi da kwayil nasa a kansa.

Wannan ci gaba ne, don wuta ta fi ƙarfi, lokacinta ya fi daidaita, kuma babu dogayen wayoyin da za su riƙa zubar da ita. Amma an biya farashi. Kwayil ya tashi daga gefen mota inda iska ke kaɗa shi, an cusa shi cikin rami a tsakiyar kan inji, wurin da ya fi ko'ina zafi da girgiza. Ko manyan kamfanoni sun sha wuya kafin su iya shi: a 2003 sai da Volkswagen da Audi suka ɗauki nauyin sauya kwayil a motoci sama da rabin miliyan a Amurka, saboda yadda suka yi ta mutuwa. In haka ta faru a can, ina ga motar da ke tsaye a tashar Azare a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, inji na kunne ana jiran fasinja na ƙarshe?

A duba yawan aikin. Inji yana juyi 3,000 a minti, kowane filogi na ba da wuta sau 1,500 a minti, wato sau 25 a daƙiƙa. Tafiyar awa uku a haka, tartsatsi 270,000 ke nan daga kwayil ɗaya. A Golf mai kwayil guda, a ninka sau huɗu.

Ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe daga babin nan, don kusan dukan sauran bayanin a kansa ya rataya. Kwayil ba shi da ƙayyadadden ƙarfin da yake fitarwa kullum. Ƙarfin yana ta hawa ne har sai wuta ta samu ta tsallaka. In giɓin filogi daidai yake, ta tsallaka da wuri, kwayil ya huta. In giɓin ya buɗe, dole ƙarfin ya ƙara hawa kafin ta haye. In matsin cikin silinda ya ƙaru, kamar lokacin da aka take totur za a wuce tirela, ko an cika mota da buhuna, ko an kunna na'urar sanyaya mota, sai ya ƙara hawa. In mai ya yi ƙaranci a cikin haɗin, ya sake hawa. Ita kuwa wuta ba ruwanta da hanyar da aka tsara mata, mafi sauƙi take bi. Ranar da tsallaka bakin filogi ya fi mata wuya a kan huda robar kwayil ko ƙaron da aka lulluɓe wayoyin cikinsa da shi, sai ta huda. Kowane wucewa yana ƙona wurin ya bar gawayi, gawayi kuma yana ɗaukar wuta, hanya ta buɗe ke nan. Daga nan kwayil ya gama yawo.

Shi ya sa babban makashin kwayil shi ne tsohon filogi. Bakinsa yana cinyewa a hankali, giɓin da ya kamata ya tsaya tsakanin milimita 0.7 da 1.1, gwargwadon injin, sai ya buɗe ya wuce haka nesa. Motar ba za ta yi ƙorafi da wuri ba, don kwayil yana ta ƙoƙarin rufa asiri. Filogi na gama-gari aikinsa kilomita 20,000 zuwa 30,000 ne. Mai bakin iridiyom na gaske yakan kai 100,000. Direban haya da ke zirga-zirga tsakanin Azare da Kano kullum, wata biyu ko uku sun ishe shi ya cinye na gama-gari. Amma sau nawa ake sauya shi? Abin da aka saba shi ne a kwance, a wanke da fetur, a goge da burushin ƙarfe, wani lokaci a ɗan ƙwanƙwasa bakin a ƙasa da ƙiyasin ido, a mayar. A filogin 504 wannan yana iya wucewa. A na iridiyom, wanda tsininsa bai kai milimita ɗaya ba, burushin ƙarfe ɓarna ce tsagwaronta. Abin auna giɓi kuwa, 'yan siraran ƙarafan nan masu lamba, kuɗinsa bai kai na kwayil ɗaya ba, kuma ya kamata a same shi a akwatin kowane bakanike.

Sa filogin da ba na injin ba shi ma yana nan. Lambobin da ke jikin filogi ba ado ba ne. A BKR6E-11 na NGK, harafin R yana nufin akwai abin da ke rage hayaniyar wuta a cikinsa, wanda motoci masu birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ke buƙata. 6 lambar jure zafinsa ce. 11 kuma giɓin milimita 1.1. Corolla mai injin 1ZZ, ta 2003 zuwa 2008, da Denso SK16R11 aka tsara ta. Cewa "ai ya shiga ramin" ba hujja ba ce. Filogi huɗu iri ɗaya, lamba ɗaya, a sauya su rana ɗaya.

Akwai wata ƙaramar alama da ake tsallakewa, kuma ita ke bayyana yawancin labaran "na sa sabo ya sake mutuwa." A ɗaga filogi a haske a duba farin jikinsa na sama, inda robar kwayil ke rufewa. Idan akwai siririn baƙin layi da ya sauko daga kai zuwa gindi, aka goge ya ƙi fita, to wuta ta riga ta yi hanya a wajen filogin. Irin layin nan yana cikin robar ma. A sa sabon kwayil a kan wannan filogi, layin zai ƙona sabuwar robar. A sa sabon filogi a tsohuwar roba, ita ma za ta zana masa. Dole a sauya su tare. Ruwan ƙasa-ƙasan da ke zagaye gindin farin kuwa, inda ya haɗu da ƙarfe, ba lahani ba ne, kada a tsorata kowa da shi.

Sai baƙin mai. Idan aka zaro kwayil aka ga robarsa jiƙe sharkaf, gasket ɗin murfin saman inji ne ya bushe, yana zubar da mai cikin ramukan filogi. Zafin ƙasarmu yana saurin busar da shi. Mai yana kumbura roba ya lalata ta, ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama laka mai ɗaukar wuta. Tsane ramin da tsumma a mayar da kwayil ɗaga matsala ne zuwa mako mai zuwa. Shafa gam a kan tsohon gasket ma haka. A sayi gasket ɗin da zobban ramukan filogi, a sauya.

Ruwa yana shiga ta hanya biyu, kuma ta farko mu muke kai shi da kuɗinmu: wankin inji da injin feshi mai ƙarfi, sau da yawa inji na da zafi. Ruwan yana kutsawa ramin filogi ya kwanta, ya shiga soket, zafi da sanyin farat ɗaya kuma su tsaga jikin kwayil. Motoci da yawa daga wurin wanki suke fita da misin ɗinsu na farko. Tsumma mai laima ya ishi saman inji. Ta biyu damina ce. Mutanen Katagum da Zaki da Itas-Gadau sun san yadda ruwa ke cin hanya idan kogin Jama'are ya cika, kuma a Agustan 2024 ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙaramar hukumar Katagum, masu mota suka koma ratse. Duk motar da ta yi iyo a irin wannan, a zaro kwayil ɗinta a busar da ramuka kafin laima ta yi aikinta. Masu Golf sun san halin nasu: jikin kwayil yana tsagewa da tsufa, mota ta yi lafiya duk rani, ranar da aka wayi gari da laima ta ƙi tashi. A kunna ta cikin duhu a ɗan fesa ruwa sama-sama a kan kwayil da wayoyi, za a ga shuɗin tartsatsi yana tsalle daga inda tsagar take.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kwayil ɗin da ake kashewa da sunan gwaji. Inji na aiki, sai a ce, "Kai yaro, ɗaga na biyu mu ji." Yaro ya fizgo kwayil sama, a ji ƙas-ƙas, a ce akwai wuta. A cikin waɗannan daƙiƙu, wutar ba ta da filogin da za ta sauka, don haka ƙarfin ya hau iyakarsa yana neman mafita ta cikin jikin kwayil. Yana iya ci gaba da aiki ranar, amma an riga an raunata shi, kuma a wasu motocin raunin har birenbos yake kaiwa. Lafiyayyun kwayil uku sukan sha wannan azaba don a gano majinyaci ɗaya. Ɗan'uwan wannan shi ne cire kan batir inji na aiki don a ga ko caji na yi, ko zare batir gaba ɗaya a kai wa wata mota a tayar da ita. Batir ne ke shanye tsallen wutar da altaneta ke yi; in babu shi, kayan lantarkin motar ne za su sha. Mita ce ke gwada caji: inji na aiki, a ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5. In ya haura 15, altaneta ce ke dafa kwayil, kuma ko guda goma aka saya haka za ta dafa su. A duba wayar da ke haɗa inji da jikin mota, wadda sau da yawa ake mantawa a ɗaure bayan an sauke inji, a kuma duba soket ɗin kwayil, don 'yar maƙallarsa tana karyewa da zafi, a bar shi yana lilo.

Ƙarancin mai a cikin haɗi yana wahalar da kwayil a ɓoye. Famfon mai da ya gaji, nozul da datti ya toshe, tiyo da ya tsage yana shan iska ta bayan fage, ko ƙura da ta rufe na'urar auna iska saboda an hure matatar iska a wurin mai faci har ta yage. Ga kuma ingancin man kansa. A Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya amsa cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka lalace a Legas da Abuja. Wannan babba ne da duniya ta ji. Ƙanana suna faruwa kullum a jarkar 'yan bumburutu da ta sha ƙura, ko man da aka surka. Idan misin ya fara daidai bayan shan mai a wani wuri, kuma bai tsaya a silinda ɗaya ba, a fara zargin tanki kafin kwayil.

To yaya ake gano mai laifi? Da farko a saurari lokacin da motar ke yi. Misin da ke zuwa idan an take totur ko an ɗauki kaya, ya lafa idan an sassauta, yawanci na wuta ne. Wanda ke zuwa mota na tsaye a silo, ya ɓace idan an ɗaga inji, ya fi kama da shan iska ko bawul. Wanda ke zuwa da sassafe na ɗan lokaci, ga ruwan lagireto na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, gasket ɗin tof, wanda ke tsakanin kan inji da silindu, shi ne ke ɗiga ruwa cikin silinda, kuma wannan ba ya jira. Wanda kuma sai an yi tafiya inji ya gasu yake bayyana, a huta ya tafi, halin kwayil ne mai tsaga a ciki, zafi na buɗe ta sanyi na rufewa. Irin wannan ko an auna shi da mita a gareji lafiya zai nuna, shi ya sa awon mita kaɗai ba ya wanke kwayil.

Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996, da na fetur na Turai tun daga 2001, duk suna da soket, yawanci a ƙarƙashin sitiyari, da ake sa wa kwamfuta. Birenbos yana lura da saurin juyin inji, in wata silinda ta yi fashi ya ji juyin ya ɗan ja baya, ya rubuta. P0301 silinda ta ɗaya ce, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. P0300 na nufin fashin ba shi da mazauni ɗaya, sai a nemi abin da ya shafi duka: mai, iska, caji. P0351 zuwa P0354 na nuni ga layin wutar kwayil, wanda zai iya zama waya ko soket. P0171 ƙarancin mai ne. A lura, P0302 cewa ta yi silinda ta biyu na fashi. Ba ta ce kwayil ya mutu ba. Mai kwamfutar da ya karanta lamba ya ce "je ka sayo kwayil" rabin aiki ya yi.

Ragowar rabin kuwa kyauta ne. A ɗauki kwayil na biyu a kai na uku, na uku ya dawo na biyu, a goge lamba, a zaga gari. In fashin ya koma ta uku, kwayil ne, babu gardama. In ya tsaya a ta biyu, kwayil ya kuɓuta. Sai a musanya filoginta da na ta huɗu a sake zagawa. In har yanzu yana nan, a musanya nozul. In bai gusa ba, a auna matsin silinda da agogon awo: wadda ta faɗi ƙasa da 'yan'uwanta sosai, bawul ne ko zobe, kuma babu kwayil a duniya da zai gyara wannan. Inda babu kwamfuta, a cire soket ɗin nozul ɗaya bayan ɗaya inji na silo. Silindar da aka cire nata sautin inji bai sauya ba, ita ce matacciyar. Ko da gwaji ya tabbatar kwayil ne, aikin bai ƙare ba sai an duba filoginsa, raminsa, soket ɗinsa da caji. Kafin a kwance filogi a bar inji ya huce, don kan injin alminiyom ne, zarensa na saurin cinyewa. A hure yashin da ya taru a ramin don kada ya zuba cikin silinda. A fara ɗaurawa da hannu kafin a sa sifana.

Ba na ɗora laifin duka a kan bakanike. Wannan bincike yana cin awa ɗaya ko biyu, kuma a al'adarmu ba a biyan kuɗin bincike, sai kuɗin abin da aka ga an ɗaura. Direba na tsaye yana cewa, "Oga, yi sauri, layina ya zo a tasha." Mutumin da ya ɓata safiyarsa ya gano cewa soket ne kawai ya saki, sau da yawa "sannu da aiki" zai samu da ɗan abin shan ruwa, alhali ya tsirar wa mai mota da dubban nairori. Muddin haka ake yi, saurin sauya kaya ne zai ci gaba da ciyar da gareji. Mai motar da ya ce, "Maigida, bincika mini a natse, zan biya kuɗin binciken ko ba a sauya komai ba," shi ne zai daina zaryar nan.

Wasu sukan ce a lallaɓa da misin ɗin har a samu kuɗi. Lissafin ba ya fita. Man da ya shiga matacciyar silinda ɗanye yake fita. Iskar da ba ta ƙone ba tana ruɗar na'urar da ke salansa, ta shaida wa birenbos cewa mai ya yi kaɗan, ya ƙara wa sauran silindu. Tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Asarar mako biyu ta isa sayen filogi. Ɗanyen man yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, zobe ya ci, ya kuma gangara ya tsinka man injin. Wanda ya isa salansa yana kamawa da wuta a cikin matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, har ta narke ta toshe, mota ta rasa numfashi. Wannan ne ma'anar fitilar cek, mai gargaɗin matsalar inji, idan ta koma ƙyaftawa maimakon tsayawa: ana cikin ɓarna yanzu-yanzu. Sama da duka akwai rai. Hanyar Azare zuwa Potiskum, mai kusan kilomita 100, tun da aka tagwaita ta gudu ya ƙaru, ga tireloli ɗauke da shanu daga kasuwar Potiskum. A hanyoyin Misau da Gamawa kuma hannu biyu ake bi a kwalta ɗaya. Raunin wuta a daidai lokacin da aka fita wuce babbar mota yake bayyana, don a nan matsi ya fi yawa. Wanda abin ya kama a daji, ya gano silindar, ya cire soket ɗin nozul ɗinta don mai ya daina zuba, ya lallaɓa a hankali zuwa Bulkachuwa ko gari mafi kusa. Direban nesa ya ajiye gwajajjen kwayil ɗaya, sifana mai lamba 10 da ta filogi a cikin mota.

Wajen saye, araha ba ta ado. A shagunan Azare da Kofar Ruwa ta Kano za a nuna maka kwali mai sunan Denso ko Bosch a farashi uku daban-daban, kuma kwali ba shaida ba ne. Na jabu an rage masa waya da ƙaro, yana iya aiki mako biyu ya faɗi a zafin farko. A ganina, ɗan Beljiyam, wato na hannu, na asali da aka ciro daga inji ya fi sabo mai arahar da ba a san uwarsa ba, da sharaɗin a duba jikinsa babu tsaga ko kumburi, robarsa ba ta bushe ba, kuma a yi yarjejeniya da mai shago cewa za a gwada a mota har inji ya yi zafi. A tafi da tsohon a gwama lamba: na Corolla 1ZZ 90919-02239 ne, na Camry mai injin 2AZ kuma 90919-02244, kuma shiga soket ba ya mayar da ɗaya ya zama ɗaya. Masu mayar da mota kan iskar gas ta CNG, wanda gwamnatin tarayya ke ƙarfafawa tun 2023, su san cewa gas ya fi fetur wuyar kamawa da wuta, ƙarfin da ake nema daga kwayil ya fi yawa. Motar da ke lafiya a fetur tana fizga a gas tana faɗa maka filogi ko kwayil ya kusa. A sa sababbin filogi tun ranar juyawa, a bi giɓin da masu haɗa gas ɗin suka ƙayyade, wanda yawanci ya ɗan fi na fetur matsewa.

Akan samu, ba kasafai ba, inda aka bi duk wannan, filogi sabo, rami busasshe, caji daidai, kwayil na kirki, amma na silinda ɗaya tak yana ta ƙonewa, wani lokaci har ya narke cikin minti kaɗan, ko a taɓa shi a ji zafi mota na kashe makulli na buɗe. A nan ne ake maganar waya da ta goge ta haɗu da wata, ko birenbos da ke sakar wa kwayil wuta ya ƙi yankewa a kan lokaci. Wannan aikin mai wayarin ne da ya iya karanta zanen wayoyin motar, ya bi layin daga soket har birenbos da mita kafin ya yanke hukunci. Kada a ɗaura wani kwayil a wannan silinda sai ya gama, kuma in an kai ga sauya birenbos, a sauya kwayil ɗin da ya ƙone tare da shi, don mai gajeriyar waya a ciki yana iya kashe sabon tun a tashin farko.